Filin Tambayoyinku: Zakka Ko Maganin Inna?

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan kuɗi suka zo, ban kuwa yi mamaki ba. Kaka ta yi, ikkilisiyoyi na shirin sujadar godiya, ga kuɗin makarantar yara, ga Kirsimati na leƙowa. Na zaɓi guda huɗu, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Sababbin masu karatu su sani, ni ba fasto ba ne. Tsohon malamin firamare ne, na riƙe ma'ajin ikkilisiyarmu shekara 19. Abin da na sani game da zakka, rabi daga Littafi Mai Tsarki na same shi, rabi daga teburin da muke ƙirga baiko bayan an tashi sujada.

TAMBAYA TA FARKO

Baba, barka da aiki. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Zariya, albashina naira 62,000. Tun ina budurwa nake fid da zakkata. Bara Innarmu ta kamu da hawan jini da ciwon sukari, maganinta yana cin 18,000 kowane wata, ni ce kuma babba. Mai shagon unguwarmu yana bi na 25,000. Wata uku ke nan ban kai zakka ba. Ran nan wani baƙon mai wa'azi ya karanta Malakai sura 3, ya ce duk wanda ya riƙe zakka ɓarawo ne, kuma la'ana tana kansa. A makon nan ɗana ya kwanta, sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Baba, la'anar ce ta kama ni?

AMSA

'Yata, a'a. Ki kai yaron a duba jininsa, ki ɗaura masa gidan sauro. Shekara 19 littafin zakka yana hannuna, na san wa ke bayarwa, na san wa ba ya bayarwa. Na raka gawar 'ya'yan mutanen da ba su taɓa tsallake wata ɗaya ba, na kuma ga wanda ko sisi ba ya sawa a ambulan ya sayi mota ta biyu. Da a ce haka lissafin yake tafiya, da na gan shi a littafina.

Yanzu mu buɗe Malakai ɗin tare, amma daga farko, ba daga tsakiya ba. Littafin sura 4 ne kacal, kina iya karance shi kafin tuwo ya nuna. Annabin ya yi magana ne bayan Yahudawa sun komo daga bautar Babila sun sake gina Haikali. Da wa ya fara faɗa? Da firistoci. Su ne ya ce suna miƙa makauniyar dabba da gurguwa a bisa bagadi, abin da ba za su iya kai wa gwamnansu ba. A sura 3 ɗin ma, kafin ya zo kan zakka, a aya ta 5 ya ambaci masu danne hakkin ma'aikaci da na gwauruwa da na maraya. Ina fata baƙon naku ya karanta wannan ayar, don wataƙila mai makarantarku yana zaune a cikin jama'a. Sa'an nan ya ce a kawo dukan zakka a ɗakin ajiya domin a sami abinci a gidan Ubangiji. Abinci fa ya ce. Littafin Nehemiya sura 13 ya nuna irin abin da ke faruwa a wancan zamani: an daina ba Lawiyawa, wato kabilar da ke hidimar Haikali, da mawaƙan Haikali rabonsu, kowa ya kama hanyar gonarsa, aka bar gidan Allah ba mai kula. Al'umma ce baki ɗaya ta yi sakaci, ba wata mace ɗaya mai jinyar uwa ba.

Ni wannan ɗakin ajiya na gan shi da idona. A ƙauyenmu, can wajen Malumfashi, bayan majami'a akwai rumbu. Idan an yanke gero an ɗaure, mahaifina yakan jera damma ya ƙirga da bakin sanda, na goma ya ja shi gefe. Mu yara mu ɗauka a ka mu kai. Daga rumbun nan mai bisharar ƙauye yake ci da iyalinsa, daga nan ake ɗibar wa baƙo, kuma idan damina ta yi tsakiya, lokacin da rumbunan gidaje suka yi ƙasa, dattawa su buɗe a auna wa gwauraye tiya-tiya. Mahaifina bai yi makaranta ba, amma abin da yake yi shi ne abin da ke cikin Maimaitawar Shari'a sura 14, inda aka ce kowace shekara ta uku a tara zakkar amfanin gona a cikin gari domin Balawi da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. A shari'ar Musa ɗin kanta, tsohuwa mara ƙarfi tana cikin masu karɓa ne.

Ga kuma maganar Ubangiji Yesu, wadda ta fi kusa da damuwarki. A Markus sura 7 ya tsauta wa Farisiyawa a kan wata dabara tasu. Mutum zai ce wa iyayensa, abin da ya kamata in taimake ku da shi ya zama korban, wato na keɓe wa Allah, shi ke nan ya kuɓuta daga ɗawainiyarsu. Yesu ya ce sun soke umarnin Allah na girmama uwa da uba da al'adarsu. Bulus kuma ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai kula da danginsa ba, musamman mutanen gidansa, ya yi musun bangaskiya. Saboda haka kuɗin maganin Inna ba satarsu kika yi daga wurin Allah ba. Bahaushe ya ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Majami'a ba dawa ba ce, amma kin gane nufina.

Bashin mai shago shi ma hakki ne. Zabura 37 ta ce mugu ne yake cin bashi ya ƙi biya. Idan mutumin yana ganinki kowace Lahadi da Littafi a hannu, kina kauce wa ƙofar shagonsa, wa'azin da kike yi masa ke nan. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Ki je da ƙafarki ki ce masa, ga 5,000 duk ƙarshen wata har in gama, ki kuma cika.

To ina aka samo cewa ɗaya bisa goma dole ne a kan Kirista, har da barazana? Ibrahim ya ba firist Malkisadik ushirin ganimar yaƙi, wato ɗaya bisa goma, Yakubu ya yi wa'adi a Betel, shari'ar Musa ta kafa shi domin Lawiyawa ba su da gādon ƙasa. Yesu ya ambace shi a Matiyu 23:23, bai ce a daina ba, amma ya ce masu fid da ushirin ɗan ganyen miya sun bar abin da ya fi nauyi: adalci da jinƙai da aminci. Da manzanni suka zauna a Urushalima, Ayyukan Manzanni sura 15, don yanke abin da za a ɗora wa masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, ba su sa zakka a ciki ba. Tilas ɗin daga baya ya zo, a Turai. A shekara ta 585 wani taron bishop-bishop a garin Makon na Faransa ya ce a fitar da mai ƙin biya daga ikkilisiya. A 779 Sarki Shalaman, mai mulkin ƙasar a lokacin, ya mai da shi dokar ƙasa, ya zama haraji sosai, har juyin juya halin Faransa ya soke shi a 1789. A nan gida ma, a watan Oktoba na 2024, Fasto Enoch Adeboye na cocin Redeemed ya fito gaban jama'a ya nemi gafara a kan cewar da ya taɓa yi wai wanda ba ya fid da zakka ba zai shiga sama ba. Ya ce wannan ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Na girmama shi a kan haka, ba kowane babba ne ke iya janye maganarsa ba. Game da la'ana kuwa, Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar shari'a. Abin da jininsa ya ɗauke, naira 6,200 ta zakkar albashinki ba za ta dawo da shi ba.

Amma kada ki ɗauka na sallame ki. Ni har yau ina fid da ushirin fanshona, ranar da ya shigo, kafin in taɓa komai, kuma ina ba kowane matashi shawara ya yi haka. Dalilina ba tsoro ba ne. Na san zuciyata: in na ce sai abin da ya rage zan bayar, ba abin da ke raguwa. Ɗaya bisa goma ma'auni ne mai kyau, yana tuna mini kowane wata cewa sauran taran ma ba ni na halicce su ba. Abin da nake jin tsoro a kanki shi ne wata uku su zama shekara uku, hannu ya saba da rufewa. Bulus ya gaya wa Korintiyawa kowa ya riƙa keɓe wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, ya ce kuma ana karɓar baiko bisa ga abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba, ba kuwa don waɗansu su huta ku ku ƙuntata ba. Ki zauna da takarda da biro. Bayan magani da bashi da abinci, ki yanke abin da za ki iya ba tare da guna-guni ba, ko 1,500 ce, ki fid da ita tun ranar albashi. Idan bashi ya ƙare, ki ƙara. Kada ki ci sabon bashi don cike watanni ukun da suka wuce, ba wanda ke bin ki su.

Ki kuma je ki gaya wa fastonku halin da kike ciki. Na san nauyin hakan, ga dalilin da ya sa nake nacewa. Wata shekara muka buga katin zakka, kowa da nasa, ni ne ma na kawo shawarar. A taron ƙarshen shekara na tashi na karanta sunayen waɗanda katinsu ya cika, ina ganin ƙarfafawa nake yi. Akwai wata gwauruwa mai tuyar ƙosai a bakin kasuwa, 'ya'yanta biyar, tana zama a benci na uku ɓangaren mata. Daga ranar ba ta ƙara zuwa ba. Sai da aka yi wata huɗu kafin in lura, wannan ma abin kunya ne. Da na same ta a gida ta shimfiɗa mini tabarma ta ce, "Malam, ai na ji an karanta sunayen masu ikkilisiya, ban ji nawa ba." Daga baya matan zumunta suka gaya mini ita ce take aika wa matar fasto ƙosai da kunu kowace safiya tun da ta haihu. Ba a rubuta wannan a kati. Na nemi gafararta, na nemi ta ikkilisiya, muka daina karanta sunaye. Ita ya kamata mu riƙa auna wa hatsi. Ke ma, da dattawanku sun san halin Inna, mai yiwuwa asusun taimako ya ɗauke miki maganin wata ɗaya ko biyu. Don haka aka tara shi.

TAMBAYA TA BIYU

Baba, ni manomi ne a ƙasar Lere. Bana na sami masara buhu 40, amma buhu 14 na wanda ya ba ni taki bashi ne, na kuma kashe kuɗin buhu 6 a kan haya da 'yan ƙwadago. Daga 40 zan cire, ko daga 20? Maƙwabcina Musulmi ya ce su daga abin da aka girbe suke cirewa.

AMSA

Ɗana, kalmar muke tarayya da maƙwabcinka, zakka da ushiri duk daga Larabci suka shigo Hausa, ushiri ma ma'anarsa ɗaya bisa goma. Amma dokar ba ɗaya ba ce. A wurinsu zakka rukuni ce ta addini mai ƙa'idodi a rubuce: akwai nisabi, amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ɗaya bisa goma, wanda aka yi wa ban-ruwa da wahala ɗaya bisa ashirin, kuɗin da suka shekara kuma biyu da rabi cikin ɗari. Abin da ya burge ni a tsarin nan shi ne ya lura da wahalar mai noma, ya kuma ɗauke wa wanda bai kai nisabi ba. Mu Sabon Alkawari bai ba mu jadawali irin wannan ba, shi ya sa za ka ji fasto biyu sun ba ka amsa biyu.

Ga nawa ra'ayi. Buhu 14 ɗin nan ba naka ba ne tun suna tsaye a gona, na mai taki ne, ajiya ce a hannunka. Ba ka yin kyauta da kayan wani. Kuɗin haya da na ƙwadago kuma jari ne ka zuba ya dawo. Ƙaruwarka 20 ce, ushirinta buhu 2. Mahaifina daga dukan damman yake cirewa, gaskiya ne, amma shi takinsa na shanun Fulani ne da suka kwana a gonar da rani, ƙwadagonsa mu ne da gayya. Abin da ya girbe duk ƙaruwa ce. Zamanin da buhun taki ke neman cinye buhunan masara biyu ko fiye, lissafin ya canza.

Wanda zuciyarsa ta ba shi ya cire daga 40, Allah ya sa albarka, ba zan hana shi ba. Abu biyu kawai nake roƙonka. Kada ka kumbura kuɗin da ka kashe don ushirin ya ƙanƙance, kai da Allah kun san gaskiyar lissafin. Kuma kada ka zaɓo buhun da ƙwari suka fara ci, ko na ƙasan masussuka mai tsakuwa. Na sha kwance irinsu a ranar godiya. Makauniyar tunkiyar Malakai ke nan ta dawo cikin buhu.

TAMBAYA TA UKU

Baba, shekara uku ba a karanta mana rahoton kuɗi ba a ikkilisiyarmu. Rufin majami'a yana yoyo, ba mu san inda baiko ke tafiya ba. Na fara tura zakkata ga wani mai bishara a ƙauye. Na yi laifi?

AMSA

Ba ka yi zunubi ba, amma ka gudu ka bar gyara. Mai bisharar ƙauye ya cancanta, na san irinsu, wata uku ba alawus, babur ba taya, su ne kuma suke binne mana matattu. Samarin da ke zagin fastoci a Facebook saboda jiragen saman wasu manyan fastoci na Legas su zo su ga waɗannan. Sai dai ikkilisiyar da kake ci a cikinta kowace Lahadi tana da hakki a kanka. Bulus ya ce mai shelar bishara ya ci daga bishara. A ɗarikoki irin su ECWA da COCIN da EYN kuma, wani kaso na abin da aka tara yana hawa zuwa gunduma da hedkwata, daga can ake riƙe makarantun Littafi Mai Tsarki da masu aikin bishara. In kowa ya janye a ɓoye, su za su fara ji a jikinsu, ba mai cin kuɗin ba.

Tambayar lissafi ba rashin bangaskiya ba ce. Da Bulus yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa sura 8 ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa da kansu, ya ce don kada kowa ya sami abin zargi. Nehemiya, bayan ya watso kayan Tobiya, wani bare da aka ba masauki a wurin, daga ɗakin ajiyar Haikali, mutum huɗu ya naɗa a kan rumbunan, ba ɗaya ba. In manzo ya nemi shaidu, wane ne ma'aji da zai ji haushi?

Kada ka fara da zargi, ba ka ga hannun kowa a ciki ba. Sau da yawa ba sata ba ce, rashin iya rubutu ne da jin kunyar faɗa. Ka sami mutum biyu masu hankali, ku rubuta wa dattawa takarda cikin ladabi. Ku roƙi mutum uku su riƙa ƙirga baiko nan take su sa hannu, a kai banki ran Litinin, kada a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, a manna rahoto a allo kowane wata uku, wani daga waje ya duba littafi sau ɗaya a shekara. Fasto kuma ya nisanci akwatin, don kare mutuncinsa ne. Ni shekaruna biyu na farko ni kaɗai nake ƙirgawa, ranar da naira 300 ta ɓace, a lokacin da 300 kuɗi ce, ba ni da wanda zai shaide ni. Na biya daga aljihuna, amma kallon da ake yi mini ya fi wata shida bai gushe ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In kun rubuta sau biyu ba amsa, ku kai wa shugabannin gunduma. Kafin nan, kana iya raba abin da kake bayarwa, ka sayi kwano biyu na rufi ka kai da hannunka.

TAMBAYA TA HUƊU

Baba, ni matar aure ce, ba na aikin albashi. Zan cire zakka daga kuɗin cefane? Idan na kwashi adashe fa?

AMSA

'Yata, kuɗin cefane amana ce ta tukunya, ba samunki ba ne. In kika cire 500 a ɓoye, daga miyar yara kika cire. Idan maigida bai fid da nasa ba, ki yi masa magana a lokacin da ya ƙoshi, ba a gaban yara ba. Adashe kuma kuɗinki ne da kika yi ta zubawa suka dawo a dunƙule, ba riba ba ce. In kin fid da ushiri kafin ki zuba, an gama. In kuwa kina da 'yar sana'a, ƙuli-ƙuli ko kitso ko kiwon kaji, daga ribar za ki cire. Matata tana da gwangwanin madara a bayan kwanukanta, duk ranar kasuwa in ta sayar da ƙwai goma, kuɗin ɗaya can yake shiga. Ran Asabar da dare take juye shi a ambulan.